Me Za Mu Ba Mai Ciwon Hanta Ya Ci?

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Rigasa, wadda aka buɗe a 2016 sa'ad da jirgin Abuja ya fara zuwa Kaduna, ya kama hanya ya nufi cikin gari, ba zai yi nisa ba sai ya ji muryar masu tallar magani a lasifika. Ga na basir, ga na sanyi, ga na olsa, ga kuma na shawara, kwalba guda ta warkar da su duka. Ba a banza su ke kiran waɗannan cututtuka ba. Sun san abin da ke damun mutane. Rigasa unguwa ce mai ɗimbin jama'a a ƙaramar hukumar Igabi, gida manne da gida, da yawa kuma ruwan rijiya su ke sha ko na 'yan ga-ruwa. Abin da ke faruwa a can shi ne ke faruwa a Kakuri da Sabon Tasha da Unguwar Romi, gama kasuwarmu ɗaya ce, masarar da mu ke tuƙawa ɗaya ce, gyaɗar ma ɗaya ce.

Mun san yadda a kan yi a gidajenmu. Da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, sai a ce shawara ce. Nan take doka ta hau kansa: ba mai, ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba wake. Sai kunu tsululu, da rake, da ruwan gulukos, da jiƙon saiwoyi safe da yamma. A ware masa kwanonsa da cokalinsa. Bayan wata biyu sai ka ga mutum ya zama ƙashi da fata, wuya ya zurma, hannu kamar sillen kara, ciki kuwa ya yi gaba. Sai a ce cutar ce ta cinye shi. Gaskiya ne cutar ta ci nata rabo. Amma wani rabon yunwa ce ta ci, yunwar da masu ƙaunarsa suka sa masa da kyakkyawar niyya.

Shawara alama ce

Da fari dai mu sani, shawara ba cuta guda ba ce. Alama ce, kamar yadda zazzaɓi ya ke alama. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kan kawo ta. Masu amosanin jini, watau sikila, su kan yi ta. Tsakuwa a matsarmama ta kan toshe hanya ta kawo ta. Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke kama hanta kanta, waɗanda likitoci suka ba sunayen baƙaƙe. Nau'in A da nau'in E ta ƙazamin ruwa da abinci su ke shiga, yawanci kuma su kan wuce da kansu cikin makonni, ko da ya ke nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mace mai ciki, kamar yadda aka gani a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017. Nau'in B da nau'in C ta jini su ke bi: askar wanzami da ba a dafa ba, allura ɗaya ga mutum biyu, jinin da ba a gwada ba. Nau'in B ya kan bi ta saduwar miji da mata, ya kan kuma bi daga uwa zuwa jariri a wajen haihuwa. Waɗannan biyu su ne masu zama a jiki shekara da shekaru ba ciwo ba alama.

A binciken da gwamnatin tarayya ta yi gida-gida a 2018, an sami kamar mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kamar 1 cikin 100 kuma nau'in C. Ku ƙirga kawunan manya a majami'arku ran Lahadi, ku yi lissafin da kanku. Gwajin jini ne kaɗai zai nuna wace iri ce ta kama mutum, ana kuwa yinsa a manyan asibitocin Kaduna kamar Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada da St. Gerard's a Kakuri, da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Nau'in C yanzu yana warkewa da ƙwayoyin sha na wata biyu ko uku. Nau'in B akwai maganin da ke danne shi, irin su tenofovir, ga wanda likita ya ga ya kamata ya sha. Ba abincin da ke kashe waɗannan ƙwayoyi, ko zogale, ko rake, ko shuwaka. Aikin abinci dabam ne: shi ke riƙe mutum a tsaye har magani ya yi nasa.

Maganar ware kwano kuma, mu daina ta ga mai nau'in B ko C. Ba a ɗaukarsu ta cin tuwo kwano ɗaya, ko ta musafaha, ko ta zama benci ɗaya a sujada. Abin da za a ware shi ne reza da aska da buroshin haƙori. Marar lafiyar da aka bari shi kaɗai a ɗaki da kwanonsa ba ya cin rabin abin da zai ci a cikin iyalinsa.

Rumbu da maƙera

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta a jikin babban mutum ya kai kamar kilo ɗaya da rabi. Ita ce rumbun jiki: in mun ci tuwo, ta kan ajiye wani kashi na ƙarfinsa, ta riƙa sako shi kaɗan-kaɗan cikin dare sa'ad da mu ke barci. Ita ce kuma maƙera: daga wake da nama da madara ta ke ƙera abin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, da abin da ke sa jini ya daskare in an yanke. Ita ke yin ruwan matsarmama mai narkar da mai. Ita ke tace magani da giya da duk wani dafi da ya shiga jini.

In cuta ta daɗe tana cin hanta, sai ta yi tabo ta taurare ta ƙanƙance. Rumbun ya zama ƙarami. To, jiki ba ya haƙura. In rumbu ya ƙare da tsakar dare, sai ya juya ya fara cin naman kansa, na cinya da na dantse. Likitoci sun auna sun ga cewa mai irin wannan hanta in ya kwana bai ci kome ba, halin da jikinsa zai wayi gari a ciki daidai ya ke da na lafiyayyen da ya yi kwana biyu ko uku ba abinci. Ku duba fa, dare ɗaya tak. Ina ga wanda aka hana shi wake da ƙwai wata da watanni?

A dā su kansu likitoci su kan rage wa irin waɗannan majiyyata abinci mai gina jiki, musamman in hankalinsu ya fara rikicewa, domin ana tsammani naman ne ke ƙara dafi a jini. A 2004 likitoci a Basalona ta ƙasar Sifen suka gwada: suka raba majiyyata kashi biyu, aka rage wa waɗansu, aka ba sauran cikakken abinci. Waɗanda aka rage wa ba su fi saurin dawowa cikin hankalinsu ba, sai dai jikinsu ya fi cin kansa. Yau koyarwar asibiti ita ce a ba su ya isa. Saboda haka in kaka ta ce haka aka gaya musu a asibiti shekarun baya, ba ƙarya ta yi ba. Sani ne ya ƙaru.

Abin da za a zuba a kwano

Ga ma'aunin da a ke bi: mai tsohon ciwon hanta yana bukatar furotin, watau abin da ke gina tsoka, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mutum mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Kofin dafaffen wake kamar 13. Kofin madara kamar 8. Kun ga ba ƙaramin ci ba ne, ba kuma zai samu daga kunu tsululu ba ko da an sha tulu guda.

Uwargida kada ta ce ina kuɗin nama. Abin da hanta mai rauni ta fi karɓa da sauƙi shi ne wanda ya fi araha a kasuwa: wake, waken suya, kindirmo. Alale, ƙosai, awara, shinkafa da wake, faten wake, faten acca da ganye, ɗan kifi a miya, ƙwai dafaffe. Kwaɗon zogale da na rama suna da amfani ninki biyu, gama suna sa bayan gida ya yi laushi ya fita a kan kari, hanji kuwa in ya riƙe kashi kwana da kwanaki, dafin da ke rikita hankalin mai ciwon hanta ƙaruwa ya ke yi. Gwanda da lemo da kankana su ma haka. Nama da kaza ba haram ba ne gare shi, in akwai hali.

Mai fa? A nan ne gardama ta kan yi zafi. Mai shawara sabuwa sau da yawa ko ƙanshin suya ba ya so, zuciyarsa tashi ta ke yi. Kada a tilasta masa. Amma cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa ko manja a miya ba ya ɓata hanta, yana ma sa abinci ya ciwu, yana ba da ƙarfi a ɗan ƙaramin loma. Wanda za a rage wa mai sosai shi ne mai tsakuwa a matsarmama, wanda cikinsa ke murɗawa bayan ya ci soyayye, ko wanda bayan gidansa ya yi fari yana maiƙo. Wannan likita ne zai faɗa.

Yadda a ke ci ya kusa kai abin da a ke ci muhimmanci. Wanda ruwa ya taru a cikinsa, loma biyar ta ƙosar da shi. To, a rarraba: sau biyar ko shida a yini, kaɗan-kaɗan, kada a wuce awa uku ko huɗu ba a sa kome a baki ba. Da safe marmarin abinci ya fi zuwa, sai a ba shi mai nauyin a lokacin, kada a jira tuwon dare. Sa'an nan ga abin da mu ke so kowace uwargida ta riƙe ko da ta manta da sauran: abincin kwanciya. Bayan an yi addu'ar dare, dab da zai kwanta, a ba shi kofin kunun gyaɗa mai kauri, ko fura da kindirmo da aka dama da tafasasshen ruwa, ko burodi da shayi mai madara. Wannan kofi shi ke tsaya wa rumbun da ya ƙanƙance har gari ya waye. In yana da ciwon sukari kuma, a shawarci likita a kan abin da zai dace.

Wannan ya kawo mu ga maganar azumi, mu kuwa faɗe ta a fili. Akwai gidajen addu'a inda a kan kai marar lafiya a sa shi azumin kwana uku ko bakwai, wani lokaci ko ruwa babu. Ga mai taurarriyar hanta wannan ganganci ne da rai. Masu lafiya su yi azumin a madadinsa, shi kuwa ya ci. Maƙwabtanmu Musulmi ma addininsu ya ɗauke wa marar lafiya azumi. Mu tuna kuma, a Markus sura 5, bayan da Ubangiji ya ta da 'yar Yayirus, umarnin da ya bari a gidan har da na a ba ta abinci. Iliya ma da ya gaji ya kwanta a jeji, gurasa da ruwa aka fara kawo masa kafin tafiya. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Abin da za a cire da gaske

Gishiri ne na fari, amma ga wanda ƙafarsa ko cikinsa ya kumbura da ruwa. Irin wannan kada ya wuce kamar giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, duk da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɓoyayyen kuwa shi ne mai yawa. Ɗunƙulen Maggi da 'yan'uwansa kusan rabinsu gishiri ne. Garin da ke cikin ledar Indomie haka. Kilishi, yajin tsire, sardin na gwangwani haka. Kanwa ma, wadda mu ke jefa wa wake da miyar kuka da ɗanwake, 'yar gidan gishiri ce, ta kan riƙe ruwa a jiki. Dabarar ita ce a ɗebi miyar marar lafiya kafin a sa ɗunƙule, a gyara tasa da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan lemon tsami. Amma kada a cire gishiri ƙaƙaf har abinci ya zama lami ya ƙi ciwuwa. Wanda ya ture kwano ya fi wanda ya ci ɗan gishiri asara.

Na biyu giya. Burukutu, fito, ogogoro, ta kwalba, da 'yan ledojin nan masu ɗaci da a ke cewa na wanke ciki ne: ko kurɓi ɗaya. Mun sha jin masu kafa hujja da shawarar da Bulus ya ba Timoti a kan ɗan ruwan inabi saboda cikinsa. Bulus bai rubuta wa mai ciwon hanta ba. Ga wanda giya ce ta taurar masa da hanta, barinta shi ne babban magani, ko da an makara.

Na uku magungunan da ba likita ya rubuta ba. Duk abin da aka haɗiya, hanta ce za ta tace shi, har da jiƙon da ba wanda ya san me ke ciki ko nawa ne ma'auninsa. Farasitamol in ya yi yawa dafi ne ga hanta, mai ciwon hanta kuwa ma'auninsa bai kai na lafiyayye ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, da haɗin nan na kemis da a ke ƙulla wa leburori da 'yan acaɓa a leda, suna iya jawo zubar jini a ciki su kuma taɓa ƙoda.

Na huɗu ba a cika maganarsa ba, shi ne kuwa ya shafi kowa da kowa a gida. A 1960 talo-talo kamar 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Da aka bincika sai aka gano dafin da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, aka sa masa suna aflatoksin. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya ta wurin masara. Yawanci dai ba ya kisa farat ɗaya. Kaɗan-kaɗan ya ke taruwa, shekara da shekaru, har ya kai ga ciwon dajin hanta, in kuwa ya tarar da nau'in B a jiki, haɗarin ninkuwa ya ke yi sau da yawa. Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi.

Jihar Kaduna gidan masara ce, gyaɗa kuwa ba miyar da ba ta shiga. Ku lura da abin da kan faru a kasuwa: a tsince mai kyau a sayar da tsada, motsattsiya da fasasshiya da mai baƙi a sayar da araha, ita ce kuma ta kan koma ƙuli-ƙuli da yaji da kunun yara. Araha ba ta ado. Uwargida ta baza gyaɗarta a faifai ta tsince da hannu kafin ta kai niƙa, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko kore ko ta yi ɗaci a baki a zubar, kada ma a ba kaji ko saniyar tatsa, gama dafin ya kan biyo ta madara. Manomi ya shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, ya bari ta bushe ƙayau, ya ɗora buhu a kan katako nesa da bango mai laima. Akwai kuma wani magani mai suna Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa, da a ke watsawa a gona kafin amfani ya yi fure domin ya rage dafin tun daga tushe.

Rake fa, da gulukos, da lemon kwalba? Rake ba laifi, in marar lafiya yana marmari ya sha, amma zaƙi ne kawai da ruwa, ba ya gina tsoka. Akwai ma wani ciwon hanta da ke yawaita yanzu a birane, inda kitse ke taruwa a hanta saboda ƙiba da ciwon sukari da yawan zaƙi. Wannan maganarsa a juye ta ke: shi rage nauyi zai yi a hankali, ya bar lemon kwalba, ya riƙa tafiya a ƙasa. Shi ya sa ba a aron dokar abincin wani.

Ciki da hanji

Mai olsa ma ya sha irin wannan hani. Shekara da shekaru ana cewa yunwa da yaji da tunani ne ke kawo gyambon ciki, madara ce maganinsa. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 domin a yarda. An ba su lambar Nobel a 2005. Yau ana gwadawa, a ba da magani na kamar mako biyu. Madara ta kan kwantar da zafin na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo. Mai olsa ya ci abincin gida a kan lokaci, ya bar abin da shi kansa ya ga yana ta da masa ciwo, ya rabu da taba da giya da haɗin kemis.

Yaro mai zawo kuma kada a tsai da masa nono ko abinci da sunan hanji ya huta. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, in babu a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. A nemi ƙwayar zinc a asibiti, ta kwana 10 zuwa 14. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko ba na ruwan gulukos ko jiƙo ba ne, a ci gaba da ba shi nono a kai shi asibiti a ranar. Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, ta farkon kuwa a cikin awa 24 da haihuwa a ke so a yi ta, ko da a gida aka haihu. Uwa mai nau'in B ta shayar da ɗanta, ba abin da zai hana.

Akwai lokacin da maganar abinci ta ƙare, sai neman mota. In mai ciwon hanta ko olsa ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya fara barcin rana da sambatu yana mance sunayen 'ya'yansa, ko zazzaɓi ya rufe shi ga ciki a kumbure, ba a jira gari ya waye.

Sauran magana ta Zumuntar Mata ce da dattawan ikkilisiya masu zuwa gaisuwar marasa lafiya. Mun saba riƙo katan ɗin lemon kwalba da gwangwanin gulukos. Kuɗin nan zai sayi mudun wake, ko rabin kiret na ƙwai, ko waken suya da za a yi awarar mako guda. In kuma gidan ba mai dafawa, mata biyu ko uku su raba kwanaki a tsakaninsu, kowace ta san ranar da za ta aika da kunun dare.